Sharar Ƙofar Yaya Kinuyo

Tomoe ta sauka daga jirgin ƙasa da ƙarfe tara saura, jaka a hannu ɗaya, kwalin tsaraba a ɗayan, kuma tun kafin ta haye gada ta ɗaukar wa kanta alkawari: yau ko me Yaya Kinuyo za ta faɗa, haɗiyewa za ta yi. Shekarunta sittin da takwas. Ta san amfanin haɗiye magana, sai dai ba ta taɓa ƙwarewa a kai ba.

Abin da ya kawo ta ba ɓoyayye ba ne. Ginin da take haya a Osaka, wanda mijinta Genzo ya shekara arba'in yana gyaran keke a ƙasansa har ya rasu, za a rushe shi ƙarshen wata. Ta zaga wajen masu ba da haya har dugaduganta suka tsage. Duk wanda ya ji shekarunta, ya ji ba miji ba ɗa, sai ya fara murmushi yana ba ta haƙuri. A nan Kyoto kuwa, a unguwar Shimogamo inda aka haife ta, ga ƙaramin gidan kakarsu manne da babban gidan, shekara biyu ba kowa a ciki. Makullin yana hannun yayarta Kinuyo, kamar yadda komai na gidan ya koma hannunta tun ranar da Tomoe ta bi mai gyaran keke ta bar gari.

Ta rubuta wasiƙa ta roƙa, ta yaga sau uku kafin ta aika. Amsa ta zo a kati, layi biyu: "Ki zo ki wuni, mu zaga ki ga unguwar. Kin daɗe, wataƙila ba za ta dace da ke ba."

Layinsu yana nan yadda ta bar shi, sai dai itatuwan sun ƙara girma har sun haɗa kai a sama. Lokacin kaka ne, ganye na zuba kamar an biya shi, ja da ruwan ɗorawa, amma ƙofar kowane gida fes take. Tomoe ba ta buƙatar a faɗa mata dalili. Tana shekara bakwai mahaifiyarsu ta damƙa mata tsintsiyar gora ta nuna mata ƙa'ida: ki share ƙofarku har tsakiyar hanya, ki shiga ta maƙwabta ƙafa ɗaya a dama, ƙafa ɗaya a hagu, ki tsaya. Wadda ta tsaya daidai iyakarta marowaciya ce. Wadda ta wuce ƙafa ɗaya kuwa ta fi ta laifi, domin ta faɗa wa duk layin cewa maƙwabciyarta ƙazama ce, ko kuma ƙarfinta ya ƙare. Ranar da Tomoe ta zarce don neman a yaba mata, da sandar tsintsiyar aka make mata hannu, kuma sai da uwar ta je har gidan maƙwabciyar ta ba da haƙuri.

Saboda haka idonta bai tsallake abin da ya gani ba. Matar Hatanaka, maƙwabciyar hagu, ta share ƙafarta ɗaya a ƙofar Kinuyo, a miƙe kamar an ja da zare. Daga nan zuwa ƙarshen ƙaramin gidan ganye ne jibge, na ƙasa har ya yi baƙi ya manne da dutse. Wannan ba zubar jiya ba ce.

Ƙofa ta zuge. Kinuyo ta fito cikin tufafi masu ruwan toka, gashinta a ɗaure tsaf, ta rame amma tana tsaye ƙyam.

"Kin iso," ta ce.

"Na iso, Yaya. Na same ku lafiya?"

Kinuyo ta dubi rigar sanyin Tomoe, wadda take shunayya mai haske, tun daga wuya har gwiwa, ba ta yi gaggawa ba.

"Kai, wannan riga ta yi. Ko a daji kika ɓata ba za a sha wahalar nemanki ba."

Tomoe ta haɗiye ta farko. Ta miƙa tsaraba, aka karɓa da hannu biyu aka ajiye a bakin ƙofa ba a ko dubi kwalin ba. Da ta ga idon ƙanwarta ya koma kan ganyen, Kinuyo ta ce iska ce ta yi yawa kwanan nan, sharar safe ɓata lokaci ce, sai yamma take yi. Ta ɗauki 'yar jakarta, sai wani ƙaramin sauti ya fito daga ciki. Tomoe ta gane shi tun kafin ya mutu. Ƙararrawar da kakarsu ta ɗaura wa makullin gidanta ce, don kada ya ɓata mata. Ashe makullin zai wuni tare da su.

Suka fara da shagon awara na tsoho Sohei, wanda yake nan tun suna 'yan makaranta, da kwamin ruwan sanyinsa da hannuwansa jajaye.

"Baƙuwa na kawo daga Osaka, tana son ganin unguwa," in ji Kinuyo.

Tsohon ya ƙanƙance ido, sai ya washe baki. "Baƙuwa? Ai wannan Tomoe ce, mai satar mana gutsure. Ke, har yanzu kina raye?"

"Ina nan, Baba Sohei! Kai ma ba ka da niyyar tafiya, na gani."

Dariyarta ta cika shagon ta fita waje, har wata mai wucewa da keke ta waiwayo. Kinuyo ta jira dariyar ta lafa, sannan ta ce da tsohon, cikin muryar nan tata mai laushi, "Kana da ido. Ni da ƙyar na gane ta, abincin Osaka ya karɓe ta. Muryar ce dai ba ta canza ba. Can ai sai da ita, saboda ƙarar injuna."

Haka Kinuyo take tun tana budurwa. Ba ta taɓa zagin mutum ba a rayuwarta, yabonsa take yi har sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tomoe ta haɗiye ta biyu.

Daga nan suka shiga kurmin da ya kai ga wurin ibada. Manyan itatuwa ne waɗanda suka girmi kakan kowa, ga ƙoramu sirara na bi ta gindinsu, tsakuwa na ƙara a ƙarƙashin takalmi. Duk haushin da take ji, Tomoe sai da zuciyarta ta yi sanyi. A Osaka tagarta bangon wani gini take kallo, shekara arba'in, itacen da ta fi sani shi ne sandar wutar lantarki. Ta so wurin nan, ta so shi har abin ya ba ta tsoro, domin wanda yake so shi ake juyawa.

Kinuyo tana tafe tana tsayawa. Ta tsaya ta nuna wani itace ta ce guguwar bara ta karya masa reshe. Taku ashirin, ta sake tsayawa ta ce a dubi yadda hasken yake ratsa ganye. Sau na huɗu Tomoe ta daina kallon inda ake nuna mata, ta kalli mai nunawar. Leɓɓan Kinuyo sun yi fari, kafaɗunta na hawa da sauka, hannun da ba ta nuni da shi yana dafe da ƙugu.

"Yaya, mu ɗan zauna mana."

"Kin gaji? Ayya. Nauyi ne, ba laifinki ba ne."

Suka zauna dai, a wani ɗan shagon shayi a bakin kurmin, inda ake gasa curin garin shinkafa a jikin tsinke a zuba masa romo mai zaƙi. Tomoe ta cinye tsinke uku, ta san ana ƙirgawa, ta ci na huɗu da gangan. Kinuyo ta ɗaga kofin shayinta, kofin ya yi ta rawa a hannunta har ya ɗiga a tire. Tomoe ta kai hannu za ta tallafa.

"Bar shi."

"Zafi ne da shi, zai ƙona ki."

"Na ce ki bar shi. Shekara saba'in da uku ina shan shayi ba da taimakonki ba."

Ta ajiye kofin ba ta sha ba, ta goge tiren da hankicinta, sannan ta shiga karanto sharuɗɗa kamar mai karanta takardar kotu. Shara mai ƙonewa Talata da Juma'a, kafin ƙarfe takwas, a jakar da hukuma ta yarda da ita. Ba a shanya a gaban gida. Ba a kunna rediyo taga a buɗe. Ba a tsayawa hira a bakin hanya da murya irin ta kasuwa.

"Abu na ƙarshe," ta ce, "in har kin zauna a gidan nan, ke maƙwabciya ce. Ba ƙanwata ba ce a layin nan. Ƙofarki daban, tawa daban. Ba zan yarda wani ya ce na gaza na ɗauko mai jinya ba."

"Wa zai ce haka?"

"Kin manta unguwarku ke nan."

Tomoe ta ce ta ji, ta yarda. Kalmar "in har" ta riƙe, ta yi ta juya ta a ranta, domin ita ce abu mafi kama da alheri da ta ji tun safe.

Bayan azahar suka gangara bakin kogi, inda rassa biyu suke haɗuwa, aka jera duwatsu masu siffar kunkuru don masu tsallakawa. Mutane na zaune a kan ciyawa suna cin abincin rana, shirwa na shawagi tana neman wanda zai yi sakaci. Tomoe ta tuna lokacin da babu duwatsun, suna tattare siket su shiga ruwan, Kinuyo a gaba tana riƙe da hannunta. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai Kinuyo ta riga ta.

"Nan nake kawo Mama a keken marasa lafiya. Shekara goma sha ɗaya. Ta kan zauna tana kallon gadar can, ta ce yau Tomoe za ta zo."

"Na zo sau biyu, Yaya. Ke kika ce tana barci."

"Barcin take yi."

"Da ƙarfe biyun rana? Ina jin tarinta daga soro?"

"Kin zo jana'iza dai, ba a rasa ki ba. Kin yi kuka sosai, kowa ya ji. Har yau ana maganarsa."

Tomoe ta dubi ruwa. Gaskiyar magana, ta tsani yayarta a wannan lokacin, tsana irin wadda sai ɗan'uwa ake yi wa, kuma ta san rabin abin da aka faɗa gaskiya ne, abin da ya ƙara wa tsanar zafi ke nan. Ta ƙirga kwanakin da suka rage mata a Osaka. Goma sha ɗaya. Ta haɗiye ta ukun, ko ta goman, ta daina lissafi.

Komawa gida ta ɗauke su ninkin lokacin zuwa. Kinuyo ta ga itatuwa da yawa da suka cancanci a tsaya a kalla. Suna shiga layin rana ta karkata, sabon ganye ya sake rufe ko'ina sama-sama. Kinuyo ta zauna a dakalin bakin ƙofarta, ta buɗe jaka, ta fito da makullin ta ɗora a gefenta. Ƙararrawar ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru. Tomoe ta zuba wa makullin ido.

"Tsintsiya na bayan ƙofa," in ji Kinuyo. "Share ƙofar ƙaramin gidan tukuna, in ga ko hannunki ya tuna."

Tomoe ta cire rigar shunayyar ta rataye a kan shinge. Tsintsiyar ta shige hannunta kamar jiya ta ajiye ta. Ta fara daga ƙarshen dama, ta ba maƙwabcin can ƙafarsa ɗaya, ta kankare baƙin ganyen da ya manne, ta kai tsakiyar hanya ta dawo. Tana cikin yi ƙofar hagu ta buɗe, matar Hatanaka ta fito da butar ban ruwa, ta hau shayar da tukwanen furen da ko makaho ya san an shayar da su da safe. A gidan da ke fuskantarsu ma labule ya motsa.

Tomoe ta iso iyakar gidajen biyu. Ta shiga ƙofar Kinuyo ƙafa ɗaya, ta ja layi a miƙe, ta tsaya. Ta yi daidai, ta kuma san ta yi daidai. Tsakanin layinta da na matar Hatanaka, tarin ganyen Kinuyo ya rage shi kaɗai a duk layin, kamar tabo a farar riga.

"Sannu da aiki," in ji matar Hatanaka. "Baƙuwa kika yi, Kinuyo?"

"Ƙanwata ce, ta Osaka. Kin ga ta iya shara. Mijinta mai gyaran keke ne, ta saba da kwashe datti a bayansa." Kinuyo ta ɗan yi murmushi. "Mutumin kirki ne, an ce. Ya yi shekara arba'in yana aiki, sai dai bai samu ya bar mata ko inda za ta sa kai ba. Shi ya sa muke dubawa ko za a taimaka."

Genzo, wanda yake tashi da asuba ya ɗumama mata takalmi a gaban murhu kafin ta sa. Genzo, wanda ya sa kwat ɗinsa guda ɗaya ya zo ƙofar nan neman aurenta, aka bar shi tsaye a waje cikin ruwan sama. Duk abin da Tomoe ta haɗiya tun safe ya taso mata lokaci guda. Ta dubi makullin, ta dubi layin da ta ja. Ba mantuwa ta yi ba, kada wani ya ce mantuwa ce. Tana jin zafin sandar uwarta a bayan hannunta lokacin da ta ɗaga tsintsiyar ta tsallake.

Ta share ƙofar Kinuyo tas. Ta bi gindin bango, ta zaƙulo na cikin magudana, ta durƙusa ta kankare wanda ya ruɓe da farcenta. Ta bi ta gaban dakalin har Kinuyo ta janye ƙafafunta. Gora na ta ƙara a kan dutse, butar matar Hatanaka kuwa ta tsiyaye a kan tukunya ɗaya har ruwa ya malalo hanya. Tomoe ta tattara komai ta cusa a babbar jaka, ta miƙe tana haki, ta yi magana da muryarta ta Osaka, wadda ake ji har bakin layi.

"Ba komai, Yaya. Na ga kwana biyu abin ya fi ƙarfinki."

Wani abu ne ya ba ta mamaki: tana faɗa ta ji cewa da gaske take. Ta so ta soki Kinuyo da maganar, ta kuma soke ta, amma tun a kurmi take son ɗauke wa wannan tsohuwa tsintsiyar nan. Abu biyun sun cakuɗe, ita kanta ba za ta iya raba su ba.

Matar Hatanaka ta ajiye buta ta haɗa hannuwa. "Kai, kin yi dacen ƙanwa, Kinuyo. Mu ma mun daɗe muna damuwa da ke, mun rasa yadda za mu yi ne. Yanzu hankalin kowa ya kwanta."

Kalmar "kowa" ce ta gama aikin. Kinuyo ba ta canza fuska ba. Ta dafa bango ta miƙe a hankali, ta rusuna wa matar Hatanaka ta gode mata da kulawa. Ta ɗauki makullin ta mayar cikin jaka ta zuge. Sannan ta tako zuwa inda Tomoe take, ta karɓi jakar ganyen daga hannunta, ta kama gindinta ta juye. Ganyen ya zube a ƙofar, baƙi da ja, ya fi ɗazu yawa domin har da na ƙaramin gidan. Ta miƙa hannu, Tomoe ta ba ta tsintsiyar.

"Mun gode da ziyara," in ji Kinuyo. "Kin ga unguwar, ina jin kin ga ba ta dace da ke ba. Jirgin biyar da rabi bai cika cunkoso ba."

"Yaya, kwana goma sha ɗaya ya rage mini."

"Kada ki manta rigarki. Ba mai iya sa ta a nan."

Tomoe ta juya wajen shingen. Ta ɗauki rigar da jakarta. Matar Hatanaka ta riga ta shige, labulen gidan can ya koma yadda yake. Kwalin tsarabar yana nan a bakin ƙofa inda aka ajiye shi da safe, da zarensa a ɗaure.

Ta kama hanya ƙarƙashin itatuwan, tana jin tsintsiyar a bayanta. Ja ɗaya, ja biyu, sai shiru mai tsawo. Ja ɗaya, sai shiru. A bakin layin ta waiwaya. Kinuyo tana tsaye a tsakiyar ganyen, ta dogara da sandar tsintsiyar da hannu biyu, ta ɗaga kai sama kamar mai kallon wani reshe da ya ba ta sha'awa. Ko kashi ɗaya cikin goma ba ta share ba, ga wani ganyen yana ta sauka a kanta.

Tomoe ta mayar da ƙafa ɗaya cikin layin, ta tsaya a nan, ba ta ƙara ba. Da ta ji tsintsiyar ta sake motsi, sai ta sa rigarta ta nufi gada.